Labarin Rudolf Diesel, Wanda Ya Ƙago Injin Dizal

A daminar bara, sa'ad da aka rarraba ɗalibanmu makarantun ƙauye domin koyarwar gwaji, ni aka ɗora wa zagayen duba waɗansu daga cikinsu. Motar da aka ba ni ita ce tsohuwar a-kori-kurar nan ta kwaleji, wadda kowa ya san ƙuginta tun daga bakin ƙofa. Wanda ya san hanyoyin ƙasar kurmi da damina ya san irin taɓon da muka shiga. A wani kwari muka tarad da ƙananan motoci biyu sun kafe, direbanmu kuwa sai ya sa babbar giya, ya haɗa ƙafafun nan huɗu duka su yi ja, motar ta dinga tafiya sannu sannu kamar tsohuwar saniya, har ta fid da mu. Da na yaba, sai ya gaya mini wai ba gwanintarsa ba ce, ƙarfin injin dizal ne, shi da ba ya bukatar fulogi ko ɗaya.

Da muka komo na tambayi ɗaliban ajina ko daga ina kalmar nan dizal ta fito. Wani ya ce sunan mai ne kurum, wani ya ce sunan gari ne a Turai. Ba wanda ya san sunan mutum ne. Don haka na ga ya kamata in rubuto labarinsa a wannan mujalla tamu, musamman da ya ke akwai malamai biyu a cikin labarin, waɗanda in ba don su ba da ba mu ji sunansa ba.

An haifi Rudolf Diesel ran 18 ga Maris, 1858, a birnin Faris. Amma iyayensa Jamusawa ne, cin rani ya kai su Faransa. Ubansa, Theodor, mutumin Augsburg ne, sana'arsa ɗinkin littattafai da dukanci, watau yin jakunkuna da 'yan kayan fata. Ba su da wadata. Yaron ya tashi yana taya ubansa aiki, yana kai wa masu saye kaya, yana kuwa ganin yadda ƙaramin mai sana'a ke shan wuya gaban manyan masana'antu masu injin tururi. Ku riƙe wannan, don za mu komo kansa.

Cikin 1870 yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamusawa, aka ce duk Bajamushen da ke Faris ya fita. Suka tattara 'yan komatsansu suka gudu Landan. Zama ya yi musu tsanani a can, har ya zama ba su iya ɗaukar nauyin karatun yaron. Sai aka sa shi a jirgi shi kaɗai, yana da shekara 12, aka tura shi Augsburg wurin wani danginsu, Christoph Barnickel, malamin lissafi a makarantar koyon sana'a ta garin. Wannan shi ne malami na farko. Shi da matarsa suka riƙe yaron kamar ɗan cikinsu, suka sa shi makaranta. Yana da shekara 14 ya rubuta wa iyayensa takarda, ya sanad da su shi injiniya zai zama. Iyayen sun fi so ya kama aiki da wuri ya taimake su, amma ya yi ta zuwa na ɗaya a aji, har cikin 1875 ya sami sukolashif zuwa babbar makarantar fasaha ta Munich.

A can ya gamu da malami na biyu, Carl von Linde, gwanin ilmin zafi da sanyi, wanda ya shahara wajen ƙera injin yin ƙanƙara. Wata rana cikin 1878 Linde yana ba da darasi, ya bayyana wa ɗalibai cewa injin tururi, wanda duk Turai ke taƙama da shi a zamanin, ɓarna ya ke yi ƙwarai. In an ƙona masa kwal, daga kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na zafin kaɗai ke zama aiki, sauran duk iska ke kwashewa. Ya kuma ba su labarin wani Bafaranshe, Sadi Carnot, wanda tun 1824 ya nuna da lissafi cewa ana iya samun abin da ya fi haka nesa. Ɗalibai da yawa suka ji wannan magana, suka rubuta don jarrabawa, suka mance. Shi kuwa Diesel ya rubuta a gefen littafinsa cewa zai bincika ko za a iya yin abin nan a aikace. Wannan ɗan rubutu na gefen littafi shi ya cinye sauran rayuwarsa.

Zazzaɓin taifod ya kwantar da shi cikin 1879, jarrabawar fita ta wuce shi. Bai zauna banza ba, ya tafi masana'antar Sulzer a Suwizalan ya koyi aikin ƙarfe da hannunsa. Cikin Janairu 1880 ya ɗauki jarrabawar, ya fita da sakamakon da ya ba malamansa mamaki. Linde ya ɗauke shi aiki, ya tura shi Faris, bai daɗe ba ya zama shugaban masana'antar ƙanƙara ta can. Ya auri Martha Flasche cikin 1883, suka haifi 'ya'ya uku. Da rana yana sayar da injin sanyi, da dare yana lissafin injin zafi. Ya ɓata shekaru yana gwada wani inji mai aiki da tururin amoniya, abin bai kai ko'ina ba. Cikin 1890 ya koma Balin da iyalinsa, a nan ne dabarar ta nuna.

To, bari in bayyana dabarar, don kada mu yi ta yabon abin da ba mu gane ba. Duk wanda ya taɓa ba taya iska da famfon keke ya san bakin famfon ya kan yi zafi. Dalili kuwa shi ne, in aka matsa iska ta kan yi zafi, gwargwadon matsi gwargwadon zafi. Injin fetur ya kan zuƙi iska da mai a gauraye, ya matsa su kaɗan, kamar ninki 8 zuwa 12, sa'an nan fulogi ya ƙyasta wuta. Ba shi da halin ya matsa da yawa, don man zai kama da kansa tun lokaci bai yi ba. Diesel ya ce to, a bar mai waje tukuna. A zuƙi iska zalla cikin silinda, fistan ya matsa ta ninki 15 ko 20, har zafinta ya wuce digiri 500. A daidai wannan lokaci sai a feso mai kamar raɓa, da ya taɓa iskar nan sai ya kama da kansa, ya tunkuɗa fistan ƙasa. Ba fulogi, ba tukunyar ruwa, ba mai zuba kwal. Kuma saboda matsin ya yi yawa, rabon da ke zama aiki cikin zafin man ya fi na kowane inji da aka sani.

Ya nemi takardar mallakar dabarar cikin 1892, gwamnatin Jamus ta ba shi cikin Fabrairu 1893, ya kuma buga littafi a kan ta cikin shekarar. Amma takarda ba ta juya ƙarfe. Sai da ya yi ta roƙo kafin Heinrich von Buz, shugaban masana'antar injuna ta Augsburg, wadda daga baya aka kira MAN, ya yarda a gwada, kamfanin Krupp kuma ya sa kuɗi. Suka ƙera inji mai silinda ɗaya, tsawonsa kamar ƙafa 10. Ran 10 ga Agusta, 1893, aka fesa masa mai karo na farko. Man ya kama da ƙarfin da ya tarwatsa ma'aunin da ke jikin injin, gutsattsarin suka wuce ta kan mutane. Injin bai tashi ba, amma ya tabbata iska matsattsa tana kunna mai. Sai cikin Fabrairu 1894 ya juya da kansa, na minti ɗaya tak.

Abin da ya fi burge ni cikin shekarun nan shi ne, lissafin da ya buga a littafinsa akwai kuskure a ciki. Ya nufi matsin da ƙarfen zamanin ba zai iya ɗauka ba, ya zaci injin ba zai bukaci ruwan sanyaya shi ba, ya kuma yi tunanin ƙona garin kwal. Aiki ya nuna masa duk ba haka ba ne. Bai tsaya gardama da ƙarfe ba, ya rage matsin, ya sa ruwa, ya koma ga kananzir, ya yi ta sake fasali shekara huɗu, ciwon kai na damunsa, masu kuɗi na ƙorafi. Ran 17 ga Fabrairu, 1897, Farfesa Moritz Schröter ya zo ya auna inji na uku a gaban shaidu, aka ga kashi 26 cikin 100 na zafin mai na zama aiki. Ya ninka na injin tururi fiye da sau biyu. Wannan inji yana nan ajiye a gidan tarihin kimiyya na Munich.

Nan da nan duniya ta ɗauka. Masana'antu daga Ingila da Faransa da Rasha da sauran ƙasashe suka yi ta zuwa sayen izinin ƙerawa. Wani attajirin Amurka, Adolphus Busch, ya biya mak miliyan ɗaya, kuɗin Jamus na lokacin, don izinin ƙasarsa. Ɗan baduku ya wayi gari attajiri, ya gina katafaren gida a Munich. Amma an yi gaggawar kai injin kasuwa tun bai gama nuna ba. Na farkon da aka sayar suka yi ta lalacewa, masu saye suka yi ta mayarwa. Ga masu ƙara a kotu, suna cewa dabararsu ce ya ɗauka, ga masu cewa injin da ya ƙera dabam ne da wanda ke cikin takardarsa. A Ingila ma akwai Herbert Akroyd Stuart, wanda ya riga shi yin wani injin mai, ko da ya ke nasa da wani ƙoƙon ƙarfe mai zafi ya ke kunna man, matsinsa kaɗan ne. Wahala ta taru ta kā da Diesel cikin 1898, sai da aka kwantar da shi a gidan jinya.

Akwai wani abu da ya faru cikin 1900 wanda ya shafe mu. A babban bajekolin Faris na shekarar, inda injin ya ci lambar girma ta ɗaya, an tayar da wani ƙaramin injin dizal da man gyaɗa zalla, ya yi aiki lafiya lau, har yawancin 'yan kallo ba su lura ba. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, don tana tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka, inda gyaɗa ke yi amma babu kwal. Diesel ya riƙe wannan magana, ya yi ta faɗa cikin laccocinsa na 1912 cewa wata rana man tsirrai zai yi daraja wajen tayar da inji. Cikin shekarar nan ce kuwa cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano, bayan isowar jirgin ƙasa. Gyaɗarmu ta tafi Turai aka ci, ba ta shiga inji ba, amma yau ƙasashe da dama suna gauraya man tsirrai cikin dizal ɗinsu.

Yanzu mu komo kan abin da na ce ku riƙe. Tun farko nufin Diesel shi ne ya yi inji ƙarami, mai arhan mai, wanda maƙeri da masassaƙi da baduku irin ubansa za su iya ajiyewa a rumfarsu, su yi gogayya da masu manyan masana'antu. Har littafi ya rubuta cikin 1903, mai suna Solidarismus, a kan yadda ma'aikata za su tara kwabo kwabo su mallaki masana'antu da kansu. Ya ɗauki littafin nan da girma ƙwarai, amma 'yan ɗaruruwa kaɗai aka saya. Injin kuma ya ƙi ƙanƙancewa. Dalili shi ne, a zamaninsa da iska mai tsananin matsi ake hura man cikin silinda, don haka kowane inji sai an haɗa masa wani famfon iska mai nauyi. Wannan ba kome ba ne a masana'anta ko a jirgin ruwa, amma ya fi ƙarfin mota. Ya gwada yin injin mota a Suwizalan, abin ya faskara. Sai injin ya tafi wurin manya, ya shiga gidajen lantarki, ya shiga jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin ruwa. Cikin 1912 babban jirgin ruwan nan Selandia, wanda aka ƙera a Danmak, ya tashi daga Turai har Bankok da injin dizal.

Sunansa na ƙara girma, aljihunsa na ƙara ramewa. Mutumin da ya iya lissafin zafi har ɗigo bai iya lissafin kuɗi ba. Ya zuba dukiyarsa cikin cinikin filaye da haƙar man fetur, duk suka nutse, gidan nan na Munich kuma yana ta ci. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa.

Ran 29 ga Satumba, 1913, ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden daga Antwerp ta Beljiyam, za shi Ingila taron wani kamfanin injinsa. Ya ci abincin dare da abokan tafiyarsa biyu, wajen ƙarfe 10 ya yi musu sallama, ya bar saƙo a tashe shi da sassafe. Da gari ya waye aka tarad da gadonsa ba a kwanta a kai ba, hularsa da kwat ɗinsa kuwa a ajiye a bayan jirgi, kusa da dogarin ƙarfe. Bayan kwana 10 wani ƙaramin jirgin mutanen Holan ya ga gawa a teku. Suka cire 'yan abubuwan da ke aljihunta, suka mai da ita ruwa, ɗansa Eugen ya duba kayan ya shaida na ubansa ne. Matarsa ta buɗe wata jaka da ya bar mata, ta sami mak 20,000 da takardun da suka nuna dukiya ta ƙare. Jaridu sun yi ta zargin an jefa shi ne saboda asirin injin jiragen yaƙi, amma ba a taɓa kawo shaida ba. Yawancin waɗanda suka rubuta tarihinsa sun tafi a kan cewa bashi da ciwo da baƙin ciki ne suka kai shi ga hallaka kansa. Yana da shekara 55. Allah Sarki!

Ƙaramin injin da ya yi ta nema sai bayan ransa ya samu, ta hannun waɗansu. Wani injiniya, Prosper L'Orange, ya ƙago wani ɗan ɗaki a kan silinda inda man ke fara kamawa, aka rabu da famfon iskan nan. Cikin 1924 kamfanonin Benz da MAN suka nuna manyan motocin kaya masu dizal. Cikin 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon fesa mai da yawa, wanda ke auna wa kowace silinda ɗan ɗigonta daidai lokaci, shi ne kakan injektar da makanikanmu ke kwancewa yau. Ƙaramar motar shiga mai dizal, Mercedes-Benz 260 D, ta fito cikin 1936. Land Rover ta sami nata cikin 1957, Peugeot ta bi cikin 1959, Toyota Hilux kuma cikin 1979. Tun daga 1997 aka shiga yayin injin da kwamfuta ke auna masa mai, ga kuma tabo mai cusa masa ƙarin iska, har ya zama injin a-kori-kura mai silinda huɗu, lita 2 zuwa 3, yana jan abin da dā sai babbar mota.

Abin da ya fid da mu daga taɓon nan kuwa ga shi. Injin dizal yana ba da ƙarfin murɗawa mai yawa tun yana juyawa a hankali, ba sai an taka shi ya yi ihu ba. In aka haɗa wannan da babbar giya, aka kuma raba ƙarfin ga ƙafa huɗu maimakon biyun baya, sai mota ta ja kaya a tudu da yashi da laka ba tare da tayoyi sun yi ta juyawa a banza ba. Amma kowane alheri da kuɗinsa. Injin ya fi na fetur nauyi da tsada, don sai an yi shi da kauri ya jure matsi. Ba ya son gurɓataccen mai, ruwa kaɗan cikin tanki ya isa ya kashe injekta. Ja da ƙafa huɗu kuma ƙarin ƙarfe ne da ƙarin shan mai, wanda ba ya barin kwalta bai bukace shi ba. Ga hayaƙi, wanda cikin 2012 hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke kawo sankarar huhu. A nan Nijeriya ma yawancin ƙananan motocin kaya fetur suka daɗe suna sha, don gwamnati ta yi ta tallafa wa farashinsa har 2023, dizal kuwa ba tallafi. Duk da haka, tirelar da ke kawo mana albasa da tumatir da shanu daga Arewa, da injin niƙan da ke bayan kasuwa, da janaretan da ke haska ɗakin karatunmu, duk jikokin injin Augsburg ne. Mai niƙan nan kuwa shi ne ainihin mutumin da Diesel ya yi wa aiki, ko da ya ke bai rayu ya gan shi ba.

Ya ku 'yan'uwana masu shirin zama malamai, ga abin da ya sa na ɗauko wannan labari. Barnickel ya ga yaro ɗan gudun hijira, ba ko sisi, ya ba shi wurin kwana da kujera a aji. Linde kuwa darasinsa kurum ya koyar, amma ya koyar da shi sosai, ya nuna wa ɗalibai inda ilmin zamaninsa ya tsaya, ya bar musu tambaya. Cikinsu ba wanda ya san abin da zai fito. Ku ma za a tura ku ƙauyukan da sai a-kori-kura ke shiga, ku tarad da yara saba'in a aji ɗaya, waɗansu ba su ko karya ba. Kada ku raina darasin ranar, kada kuma ku raina yaron da ke zaune a baya yana rubutu a gefen littafinsa. In kun koyar da zafi da matsi, ku ari famfon keke ku kai aji, ku bar kowa ya taɓa bakinsa ya ji. Kuma in kun ga abokin aiki ya yi shiru da damuwa, ku tambaye shi, don mutumin nan ya yi shekaru yana dariya da jama'a alhali bashi na cinsa, ba wanda ya sani.

Iyakar abin da zan faɗa ke nan. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, amin.